Me Ma'aikacin Zamfara Ke Ci da Rana?

Duk wanda ya taɓa bin takarda a ofishin gwamnati ya san akwai wani tsakani, daga sallar azahar zuwa wajen ƙarfe uku, da aiki kan yi sanyi. Ka nemi akawu a ce ya ɗan fita. Ka nemi mai sa hannu a ce ya leƙa gida, yanzu zai dawo. Wanda ka tarar a kan kujerarsa kuwa hamma yake yi, ko ya kifa kai a tebur. Mun saba kiran wannan lalaci da rashin kishin aiki, kuma ba na musun akwai masu wannan hali. Sai dai akwai wani dalili da ba a cika kawo shi ba idan ana maganar gyaran aikin gwamnati, wato abin da ma'aikacin ya sa a cikinsa tun da ya baro gida da safe, in ma ya sa wani abu. Bahaushe ya ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ana ta maganar tantance ma'aikata, da sayen kwamfuta, da hukunta masu makara, amma ba a zauna an tambayi yadda mutum zai yi awa takwas yana lissafi ko duba marasa lafiya da kofin koko guda a cikinsa ba.

Gusau garin ma'aikata ne. An ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996, masana'antun da garin ya yi suna da su kuma, irin su masaƙa da matatsar man gyaɗa, sun daɗe da durƙushewa, saboda haka albashi ne ke juya kasuwa. Dubban mutane ke wuni a Sakatariyar J.B. Yakubu, da ofisoshin tarayya, da Cibiyar Lafiya ta Tarayya, da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, da bankuna da ofisoshin ƙungiyoyin agaji. A Tsafe da Bunguɗu akwai sakatariyar ƙaramar hukuma, da babban asibiti, da ofishin ilimi, da kotuna da makarantu. Da yawa daga cikin masu aiki a can a Gusau suke kwana, su kama hanyar Funtuwa zuwa Tsafe ko hanyar Sakkwato zuwa Bunguɗu da sassafe, kuma saboda rashin tsaro a hanyoyin kowa na son ya juyo da sauran rana. Mai irin wannan tafiya ba shi da damar komawa gida cin abincin rana. Abin da ya samu a bakin ƙofar ofis shi ne rabonsa.

A bakin ƙofar kuwa mai shayi ne da burodi da taliyar Indomie, sai mai fanke da cincin, sai firij ɗin lemon kwalba, sai mai shinkafa da mai da yaji da ake zubawa da zafinta a leda. Idan an yi dace akwai mai garau-garau ko mai ɗanwake ko mai awara, su ne suka fi kusa da abin da jiki ke so. Cin abincin ofis a wurinmu kashi biyu ne, kowanne da irin cutarwarsa. Ƙaramin ma'aikaci, masinja da mai shara da maigadi da direba, sau da yawa ba ya cin komai. Goro ne da ruwan leda har ya koma gida, ya tarar da tuwon dare, ya cika ciki ya kwanta a kai. In yunwa ta matsa ya ce wa mai abinci, "Hajiya, a sa mini na ɗari uku a rubuta, sai wata ya yi," kafin albashi ya shigo littafin bashi ya cika. Babban ma'aikaci kuwa matsalarsa yawan cin abin da bai kamata ba ne. Yau taron bita a wannan otal, gobe zaman kwamiti a wancan ɗaki, kowanne da soyayyiyar shinkafa da cinyar kaza da lemo, ga gasasshen nama da dare, ga zama a mota da kujera daga safe har yamma. Ƙaramin na ramewa, babban na tara teɓa, kuma sau da yawa a ƙofar likita ɗaya suke haɗuwa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da ma'auni mai sauƙin riƙewa. Gishirin da baligi zai ci a yini kada ya kai giram 5, wato ƙasa da ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke ɓoye a cikin burodi da yaji da dunƙulen ɗanɗano. Sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kimanin giram 50. Ganye da kayan lambu da 'ya'yan itace kuma a samu aƙalla giram 400. Robar lemon zaƙi mai rabin lita ita kaɗai takan ɗauki sukarin da ya kusa ko ya kai giram 50 ɗin nan. Dunƙulen ɗanɗano kusan rabinsa gishiri ne, ga shi mai abinci tana jefa shi a miya, ta daka shi a yaji, sannan ta ƙara gishiri a kai. Binciken da aka sha yi a Najeriya yana nuna kusan baligi ɗaya cikin uku na da hawan jini, da yawansu kuma ba sa sani sai ranar da ɓarin jiki ya shanye. Kowannenmu ya san wani ma'aikaci da ya yanke jiki ya faɗi a ofis ko a masallaci ana saura shekaru kaɗan ya yi ritaya, mutane na cewa ai jiya lafiyarsa lau. Ajali na Allah ne, babu ja a kan wannan. Amma hawan jini da ciwon sukari da ciwon ƙoda suna da sababi, wani yanki na sababin kuma a hankali ake tara shi, a cikin abin da mutum ke ci kullum tsawon shekara 35 na aiki.

Ruwan sha ma haka. Daga Maris zuwa Mayu zafin Gusau kan haura digiri 40, kuma ofishin da babu ruwan sha a cikinsa sai dai kowa ya sayi na leda da kuɗinsa. Mata da yawa da gangan suke rage shan ruwa a wurin aiki saboda babu bayan gida mai tsabta da za su shiga. Wannan abu ne da ba a faɗa saboda kunya, amma jiki ne ke biyan kuɗinsa. Mata suna da wata ƙarin damuwar. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya gano kashi 58 cikin ɗari na matan Najeriya masu shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Malamar makaranta ko ma'aikaciyar jinya mai juna biyu ko mai goyo, wadda ta tashi tun asuba ta sallami yara da maigida, ita ta fi kowa fita ba ta karya ba. Shayi da burodin da za ta samu a wurin aiki ba sa ƙara jini, shayin ma idan an sha shi tare da abinci yana rage yadda jiki ke tsotsar sinadarin ƙarfe. Wake da zogale da ɗan tumatir ko lemon tsami a kai sun fi mata amfani nesa ba kusa ba.

Kada a ɗauka rashin sani ne ke sa ma'aikaci cin abin da yake ci. Mafi yawa aljihu ne. Tun 2019 aka sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi ta naira 30,000, amma a watan Mayun 2024 ne gwamnatin Dauda Lawal ta sanar za ta fara biyan ma'aikatan Zamfara da ita daga watan Yuni, daidai lokacin da ƙasa ke shirin komawa naira 70,000, wadda Shugaba Tinubu ya sa wa hannu a watan Yulin shekarar. Kafin nan an cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, kuɗin mota ya ninka, hauhawar farashin abinci kuma ta haura kashi 40 cikin ɗari a tsakiyar 2024 bisa lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Hukumar tana kuma fitar da kuɗin abinci mai gina jiki mafi araha da baligi guda ke buƙata a yini, wanda a watan Yunin 2024 ya haura naira 1,200 idan aka ɗauki matsakaicin ƙasa. Yankinmu na Arewa maso Yamma ne ya fi sauƙi a lokacin. To a ɗauka ma naira 900 ce, a wata ta zama 27,000, na mutum ɗaya tak. Magidanci mai mata da 'ya'ya shida, ga 'yan'uwa da suka gudo daga ƙauye suka sauka a gidansa, ko 70,000 ɗin yake ɗauka, abincin ranarsa ne abu na farko da zai yafe domin a ɗora tukunya da dare.

Na san abin da wani zai ce, kuma yana da hujja. A jihar da ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara a Shinkafi da Zurmi a 2024 ta tarar ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa, a garin da mata da yara 'yan gudun hijira ke bara a bakin titi, ina ruwan wani da abincin ranar mai albashi? Ba na cewa a ɗebo daga kason yaron da ke kwance a asibiti a ba darakta. Amma ma'aikaciyar da ke auna dantsen yaron nan, da direban motar asibiti, da akawun da zai fitar da kuɗin magani, ta hannunsu gwamnati ke isa ga yaron. Idan ma'aikaciyar jinya ta bar ɗakin marasa lafiya awa biyu tana neman abin da za ta ci, majinyaci ne ya yi asara. Kuma yawancin abin da nake nema tsari yake buƙata fiye da kuɗi.

Duniya ta daɗe da gane muhimmancin abinci a wurin aiki. Tun 1956 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta fitar da shawara mai lamba 102, wadda ta nemi a tanadar wa ma'aikata wurin cin abinci a inda suke aiki ko kusa da shi. A 2005 ta wallafa littafin Christopher Wanjek kan abinci a wurin aiki, wanda ya nuna rashin ingantaccen abinci na iya rage yawan aikin da ake yi da har kashi 20 cikin ɗari. Dokar masana'antu ta Indiya ta 1948 ta ba jihohi ikon tilasta wa masana'anta mai ma'aikata sama da 250 ta buɗe kantin abinci. Birazil ta kafa shirin ciyar da ma'aikata a 1976, inda kamfanin da ya ciyar da mutanensa ke samun rangwamen haraji, miliyoyin ma'aikata kuma na cin gajiyarsa har yau. A Faransa takardar cin abinci ake ba ma'aikaci, shi ya biya wani kaso, wanda ya ɗauke shi aiki ya biya wani, ya kai ta gidan abincin da ya ga dama. Wanda ya fi kama da rayuwarmu shi ne na birnin Mumbai, inda tun wajen 1890 wasu 'yan dako ke karɓar abincin da aka dafa a gida su kai wa ma'aikaci har teburinsa. Kafin annobar korona su kimanin 5,000 ne, suna kai kwano kusan 200,000 a kullum, da keke da jirgin ƙasa. Mu ma ai mun san wannan. Manomi a Bunguɗu ba ya dawowa gida cin abinci da damina, yara ne ke kai masa fura ko tuwo gona. Al'adar kai wa mai aiki abinci inda yake aiki tamu ce tun kaka da kakanni, ba ta dai bi mu zuwa ofis ba.

A Najeriya ma an san alawus ɗin abinci a cikin albashin ma'aikata. Da gwamnatin tarayya ta dunƙule alawus-alawus cikin albashi guda a 2007 sai ya narke a ciki, hauhawar farashi kuma ta ƙarasa shi.

Abin da nake tsoro shi ne wani ya karanta wannan ya ce to a ba da kwangilar ciyar da ma'aikata. Babu hanyar da ta fi wannan saurin kashe maganar. Mun ga yadda shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya ya kasance. An fara shi a 2016 da kyakkyawan tunani: a ɗauki matan unguwa su dafa, a biya su kai tsaye ta banki, a sayi kayan abinci a hannun manoman yankin. Zamfara na cikin jihohin da suka shiga. Amma aka tsayar da kuɗin kwano a naira 70 shekara da shekaru, sai a 2022 aka mai da shi 100, alhali farashin komai na hawa. Biyan masu dafawa ya riƙa samun tsaiko, kwano ya riƙa ƙanƙancewa, har aka dakatar da shirin a watan Janairun 2024 tare da sauran shirye-shiryen tallafi. Abincin da ya dogara kacokan ga sakin kuɗi daga baitulmali yakan tsaya ranar da sakin ya yi jinkiri. Wanda mai ci ba shi da bakin magana a kansa kuwa tun kafin nan yake lalacewa, domin mai dafawa wanda ya ba ta kwangila take neman faranta wa.

A ganina a fara da waɗanda ke wurin tun tuni. A bakin ofisoshinmu akwai mata masu sayar da abinci, wasu sun yi shekara da shekaru suna ciyar da ma'aikata guda. Sun san mai ciwon sukari, sun san wanda ba ya cin yaji, suna ba da bashi ba jingina. Su ne ke riƙe da cikin ma'aikata a yanzu, sai dai a rana suke, kusa da kwata, ga ƙura ga ƙuda, ruwan wanke kwano bokiti guda ne daga hantsi har la'asar. Ba laifinsu ba ne, wuri ne ba a ba su ba. Hukumar ofis ta keɓe musu rumfa mai daɓen siminti a cikin haraba, da famfo ko tankin ruwa, da wurin wanke hannu da sabulu, da benci da tebur. Kada a karɓi kuɗin haya. A madadinsa a ƙulla yarjejeniya cewa duba-gari zai riƙa leƙawa, za a yi musu gwajin lafiya lokaci zuwa lokaci, ba za a zuba abinci mai zafi a leda ba, ba za a maimaita man suya har ya yi baƙi ba, kuma kullum za a samu aƙalla abinci guda na wake da ganye. A jihar da kwalara ke yawan ɓulla da damina, ruwan wanke hannun nan kaɗai ya isa dalilin gina rumfar.

Kuɗin abincin ya fito daga inda ya saba fitowa, aljihun ma'aikaci, sai dai a sauƙaƙa masa. Ma'aikatu da yawa suna da ƙungiyar adashi ko ta taimakon kai da kai da ke sayo shinkafa da sukari idan azumi ya gabato, ana cira a albashi. Ƙungiyar da ta iya wannan za ta iya sayen wake da gero da dawa da kaka, lokacin da suke da araha, ta adana, ta riƙa ba masu dafawa a farashin sari da sharaɗin su ma su sauke farashin kwano. Idan gwamnati na son sa hannu, ta sa a kan ƙananan ma'aikata, daga mataki na 1 zuwa na 6, ta hanyar takardar cin abinci da mutum zai kai wa wadda ya ga dama a cikin matan. Wadda abincinta ya lalace za ta ga takardu sun ragu a hannunta, wannan kuwa ya fi kwamitin sa ido aiki. Darakta ya sayi nasa, kuma zan so a riƙa ganinsa a kan bencin nan yana ci, domin wurin da manya ke zama ba a barinsa ya lalace.

Sai maganar lokaci. Rashin tsayayyen lokacin cin abinci ne ke mai da fitar minti ashirin ta zama ta awa biyu. Shugaban ma'aikata zai iya fitar da takarda guda da ta keɓe minti 45, haɗe da azahar, domin salla da abinci, a raba ma'aikata kashi biyu a ofisoshin da jama'a ke zuwa don kada a bar mai buƙata yana jira. Wannan ba ya cin ko kwabo. Masu aikin dare a asibitoci su ne abin ya fi yi wa tsanani, domin bayan ƙarfe goma sai mai shayi, shi ma in yana nan. Kunu da alala a cikin kula ba abu ba ne da zai gagari hukumar asibiti.

Me za a dafa? A nan Zamfara ba ta da uzuri. Jihar da ke kirari da noma, wadda ke fitar da gero da dawa da masara da wake da waken suya da gyaɗa, bai kamata ma'aikatanta su wuni a kan fulawar alkamar ƙasashen waje da ruwan sukari ba. Ga ɗanwake da kabeji da tumatir da ɗan man gyaɗa, ga dambu da zogale, ga fate da yakuwa da kabewa, ga kwaɗon rama ko na zogale da ƙuli-ƙuli. Hoce da miya kuwa ba wanda zai koya wa Bazamfare. Gero da dawa da ba a surfe dusarsu duka ba suna daɗewa a ciki, ba sa ɗaga sukarin jini da sauri irin na farin burodi da farar shinkafa, shi ya sa wanda ya ci su ba ya neman wani abu bayan awa guda. Wake da hatsi idan suka haɗu suna cike wa juna giɓin sinadarin gina jiki, dalilin da ya sa garau-garau ya riƙe talaka shekara da shekaru ba tare da nama ba. Awara da alala da tubani duk daga wake suke, kuma sun fi nama araha. Daddawa tana ba miya ɗanɗano ta rage buƙatar dunƙule. Lokacin mangwaro ko gwaba ko kankana, yanka guda a gefen kwano ba zai ƙara wani kuɗin kirki ba.

Amma kada mu yaudari kanmu cewa duk abin da aka kira na gargajiya lafiya ne. Furar da aka zuba wa sukari cokali biyar da lemon kwalba ɗan Juma ne da ɗan Jummai. Zoɓo da kunun aya na leda sau da yawa zaƙi ne zalla, ga matsalar ruwan da aka haɗa su da shi. Nonon da ba a tafasa madararsa ba yana iya ɗauko cuta daga saniya. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi suna yin fumfuna mai dafin da ke lalata hanta. Wake kuma, wanda na fi yabawa, shi aka fi zuba wa maganin ƙwari a rumbu da shago, saboda haka ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Ƙungiyar ma'aikatan da za ta sayi wake ta adana sai ta nemi buhun PICS, mai leda biyu a ciki, wanda ke kashe ƙwari ta hanyar toshe iska ba tare da magani ba.

Akwai ribar da ta wuce cikin ma'aikaci. Manomin Tsafe da Bunguɗu, daga 'Yandoto da Bilbis zuwa Kwatarkwashi da Nahuce, yana noma ne a cikin yanayin da kowa ya sani. Wasu gonakin sun gagara zuwa, wasu sai an biya 'yan bindiga haraji kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wanda ya sha wannan wahala ya kawo amfani gida, sai ya sayar da kaka a farashin da ɗan sari ya yanka masa, domin bashi na jiransa. A watan Satumbar 2021, da aka rufe kasuwannin mako-mako aka katse layukan waya, an ga yadda manomi kan rasa mai saye, mai ci kuma ya rasa inda zai saya, idan hanyar da ke tsakaninsu ta yanke. Ofisoshin da ke sayen wake da gero da zogale a kai a kai kasuwa ce ƙarama, amma tsayayya. Masu lambu a bakin Gulbin Sakkwato da na madatsar Bakolori za su san akwai mai jiran tumatir da alayyafonsu duk ranar aiki. Matan da ke yin awara da ƙuli-ƙuli da daddawa a cikin gida, har da waɗanda rikicin nan ya raba da mazajensu ya bar su da marayu, su ma nan rabonsu zai fito. Wani kaso na albashin da ke ficewa daga jihar a cikin kwalin taliya da kiret ɗin lemo zai tsaya a gida.

Inda gwamnati za ta iya farawa gobe, ba tare da sabon kasafi ba, shi ne abincin da take saye da kanta. Kowane taron bita da zaman kwamiti da bikin ƙaddamarwa akwai kuɗin abinci a ciki, haka ma tarukan ƙungiyoyin agaji. Abin baƙin ciki ne a wuni ana jawabi kan yaƙi da tamowa sannan a raba lemon kwalba da soyayyiyar fulawa. Gwamnatin tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi a dokar kuɗi ta 2021, bai dace hukumomi su zama cikin manyan masu sayensa ba. Umarni guda zai iya cewa duk abincin da aka saya da kuɗin jama'a ya zo da ruwan sha a maimakon lemo, ya kasance da ganye, a kuma fifita abin da aka noma a jihar. Masu otal da masu dafa abincin taro za su bi, domin mai biya suke bi. Cibiyoyin buɗa-baki da ake buɗewa da azumi sun riga sun nuna akwai masu dafawa da tukwane da ƙwarewar ciyar da ɗaruruwan mutane a lokaci guda.

Ƙungiyoyin ƙwadago ma da aiki a gabansu. Duk zaman da suke yi da gwamnati a kan lambar albashi da bashin giratuti yake ƙarewa, kuma haƙƙinsu ne su nemi waɗannan. Amma ƙarin albashi kasuwa kan cinye shi cikin 'yan watanni, rumfa da famfo da tsayayyen lokacin cin abinci kuwa suna nan ko farashi ya hau. Ya kamata su shiga cikin takardar buƙatu, kuma a nemi bankuna da makarantu masu zaman kansu su yi wa ma'aikatansu irin haka.

Na fi sa rai ga Tsafe da Bunguɗu wajen fara wannan fiye da Gusau. Ofisoshinsu ba su da yawa, ma'aikatan sun san juna, kasuwa da gona na kusa. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 ya ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, abin da in ya tabbata a aikace zai ba shugaban ƙaramar hukuma damar gina rumfa da kafa tanki ba tare da jiran izini ba. Tsafe ma tana da wata dama ta daban, domin Kwalejin Kimiyya da Fasahar Lafiya ta jiha a garin take, ɗalibanta kuma na buƙatar wurin gwada abin da suka koya. A ƙarƙashin kulawar malamansu za su iya duba tsabtar rumfar, su nuna wa masu dafawa yadda ake auna gishiri da mai, su kuma auna jini da sukari da nauyin duk ma'aikacin da ya yarda a ranar da aka buɗe ta. Bayan shekara guda a sake aunawa, a haɗa da lissafin abin da aka kashe da abin da aka saya a hannun manoma, a kai wa shugaban ma'aikata da majalisar dokoki a Gusau, su duba ko za a faɗaɗa shi zuwa sauran ƙananan hukumomi 12.